Injin awon suga da na saya wa Baba: wata takwas muna aiki da shi, ga abin da na gani

Mutane da yawa sun tambaye ni kan ɗan injin awon sugan nan da na saya wa Baba, wasu a majalisa wasu ta waya, wai yana da amfani ko kuwa asarar kuɗi ce kawai, shi ne nace bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya kowa ya karanta. Wata takwas kenan muna aiki da shi a gida. Ƙauyenmu yana can gefen Ringim, wuta sai dai sola, asibitin da za ka samu likita a zaune kuma sai ka yi kusan minti 40 a kan mashin in hanya ta yi kyau, da damina kam sai dai addu'a. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don ba talla nake musu ba, kuma akwai abubuwan da zan kushe. Amma sai na fara da abin da ya kai mu ga sayensa tukuna, in ba haka ba ba za ku gane dalilin da yasa nake ganin girman wannan ɗan abu da bai kai tafin hannu ba.

Baba ya kai shekara 6 da ciwon suga, yana shan ƙwaya iri biyu, metformin da wata ƙarama fara da ake kira glibenclamide. Duk wanda ya san Baba ya san mutum ne mai sanyin hali, shi ake kira in an yi rigimar aure ko ta iyakar gona, tunda na yi wayo ban taɓa jin ashar a bakinsa ba. To daminar bara sai mutum ya canja mana. Da asuba lafiya lau, a gaisa, ya sha maganinsa ya ɗan kurɓi koko ya saɓa fartanya. Amma da hantsi ya ɗaga, wajen 11 zuwa 12 haka, sai ka ga kamar an musanya shi da wani. Abu kaɗan sai faɗa. Ran nan jikansa da ya fi so duk gidan, ɗan wajen yayana mai shekara 7, ya kai masa ruwa gona ya ɗan zubar a hanya, wallahi Baba ya ɗaga hannu ya mare shi. Ina wajen. Na ga zufa tana tsiyaya a goshinsa har tana ɗiga ta gemu alhali ranar akwai hadari iska na kaɗawa, hannunsa na karkarwa, idonsa kamar yana kallonka amma ba kai yake gani ba. Nace Baba lafiya? Yace in ɓace masa da gani. Da muka dawo gida ya ci tuwo ya ɗan kishingiɗa sai ga shi yana kiran yaron yana tambaya me ya same shi a kumatu.

Kun san garinmu, kafin sati biyu magana ta zaga. Wasu suka ce jifa ne saboda gonar fadama da aka taɓa yin shari'a a kanta, wasu suka ce iska ce ya gamu da ita a gindin tsamiya, Gwaggo kuma tace tsufa ne ya fara taɓa masa kai mu yi haƙuri. Inna ta ƙara da cewa cikin dare yakan farka a firgice rigarsa jagab da zufa yana cewa ana bin shi, da safe ya tashi da ciwon kai. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi addu'o'i, kuma ni har yau ban raina addu'a ba ko kaɗan. Abin da ya fi min ciwo shi ne yadda muka fara gudunsa, yara in sun ji takunsa sai kowa ya kama gabansa, Inna ta daina zama kusa da shi da rana. Mutumin da gida ke taruwa a gindinsa ya koma cin abinci shi kaɗai a zaure.

Ranar da asiri ya tonu muna cikin yankan riɗi. Baba ya fara faɗan nasa kamar kullum, can sai maganar ta fara harɗewa kamar ta ɗan maye, ya zauna daɓas a kan kunya yana kallon ƙasa, ana masa magana ba ya amsawa daidai. Muka ɗora shi a mashin ni a gaba ƙanena a baya ya riƙe shi. Muna isa asibiti wata nas ta tambaya yana da suga? Muka ce eh. Ko minti ɗaya ba ta ɓata ba ta ɗauko irin wannan injin ta soki yatsansa, lamba ta fito 46. Nan take aka sa masa ruwan gulukos ta jijiya, kuma jama'a gani ya kori ji, ko minti 10 ba a yi ba Baba ya buɗe ido sosai ya kalle ni yace ina hulata? Da muryarsa ta da, irin mai sanyin nan. Na fita waje na yi kuka.

Likitan da ya duba shi, Allah ya saka masa da alheri, ya zaunar da ni ya min bayani da Hausa tsaf, daga baya ni ma na yi ta karance-karance a waya har na ƙara fahimta. Yace ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin mutum ba amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma abincinta sugan da ke cikin jini ne, ba ta da rumbun ajiya irin na hanta ko tsoka, abin da jini ya kawo mata yanzu shi za ta ci yanzu. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da suke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, shi kuma insulin aikinsa ya kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da sauran jiki. Ita wannan ƙaramar ƙwayar da Baba ke sha matsa wa fankiriyas take ta fitar da insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba ita ba ruwanta. To ka haɗa lissafin da kanka: magani da asuba, koko rabin kofi, sannan noma awa huɗu biyar tsoka na ta zuƙar suga. Kafin azahar jinin ya zama fanko, ƙwaƙwalwa na jin yunwa.

Da suga ya faɗi ƙasa da 70 sai jiki ya buga gangar yaƙi. Akwai jijiyoyin da ke aiki ba da izininka ba, su ke kula da bugun zuciya da zufa da narkar da abinci, su ne za su aika saƙo ga wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a saman ƙoda su sako sinadarin adirenalin cikin jini, wanda shi ne dai wanda ke zubo maka in ka yi arba da maciji a cikin gero. Amfaninsa a nan ya tilasta wa hanta ta sako sugan da ta ɓoye, amma tare da haka zuciya za ta yi ta dukan uku-uku, hannu na rawa, zufa na karyowa, mutum ya ji kamar ana shirin far masa. Wato jikin Baba a shirye yake da faɗa alhali babu abokin faɗa, sai wanda tsautsayi ya kawo gabansa. Sannan ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaba, wanda ke bayan goshi, shi ne mai riƙe linzami, shi ke ce maka kai wannan jikanka ne sauke hannunka, to shi ma yunwar ta kama shi ya yi laushi. In aka gangara ƙasa da 54 kuma sai ruɗewa, harɗewar harshe, gani bibbiyu, daga nan sai suma ko jijjiga, in ba a yi sauri ba har rai ana rasawa. Mafarkan tsoro da zufar dare da Inna ke faɗa ma yace duk alamar faɗuwar suga ce cikin barci.

A daren da muka kwana a asibiti na ci karo da labarin wani Ba'amurke mai suna Phineas Gage, shugaban leburorin aikin titin jirgin ƙasa, wanda a 1848 nakiya ta tashi da wani dogon ƙarfe ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta saman kai, ya lalata masa wannan ɓangaren na gaba. Bai mutu ba, ya rayu har 1860, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya canja, mutum mai natsuwa ya koma mai zagi marar haƙuri. Ina karantawa ina kallon Baba yana barci da robar ruwa a hannu, nace ikon Allah, ashe hali ma yana da mazauni a cikin jiki, kuma mu wata uku muna ƙullatar bawan Allah kan abin da cokali huɗu na suga zai gyara. Rashin sani ya fi dare duhu wallahi.

Likita ya rage masa maganin, ya hana shi fita gona da cikin wofi, sannan yace lallai mu nemi injin awo mu ajiye a gida tunda muna nesa. Ranar Lahadi na shiga Gujungu na sayar da buhun riɗi ɗaya, washegari na wuce wani babban kemis na sayo.

Abin da ke cikin kwalin: injin kansa, wani abu kamar biro da ake sa allura a ciki, 'yan allurai guda 10, tsinken gwaji da ake kira sitirip guda 10, ƙaramar jaka baƙa mai zif, sai takardar bayani. Aiki da shi ba wuya, ka wanke hannu ka bari ya bushe, ka zura sitirip injin ya kunna kansa, ka soki yatsa, ɗigon jini kamar ƙwayar gero ya isa, cikin sakan 5 lamba ta fito. Lambobin manya ne ɓaro-ɓaro, Inna da ba ta yi boko ba ma ta iya, na zana mata a bango da gawayi cewa in ta ga lamba biyu kacal kuma ta farko ba ta kai 7 ba to ta dama suga ta ba shi kafin ma ta kira ni. Wannan na yaba sosai. Batirinsa irin mai faɗin nan ne kamar kwabo, tun wanda ya zo da shi sau ɗaya na canja, ba ruwanka da caji, wanda a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Yana kuma ajiye sakamakon baya, ranar komawa asibiti likita ya karɓa ya yi ta dannawa yana gani, amma sai ka saita masa kwanan wata da lokaci tun farko, ni ban yi ba sai da aka yi wata guda, duk awon farko suka cakuɗe ba a san na safe ba a san na yamma ba. Yanzu har littafi na ware ina rubutawa da abin da ya ci.

Wajen sukar yatsa mun sha fama da farko. Hannun manomi ne duk kanta, in na sa biron a lamba 2 allurar ko alama ba ta yi, sai na kai 4 ko 5. Kuma da ina sukar tsakiyar kan yatsa Baba yana cije baki, sai nas ɗin nan ta nuna min a gefen yatsa ake yi, don tsakiyar nan jijiyoyin ji sun yi cunkoso a wajen, shi ya sa makaho ke gane kuɗi da kan yatsa. Tunda na koma gefe ya daina ƙorafi.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba, kuma babba ne: kuɗin sitirip. Injin sau ɗaya za ka saya, amma robar sitirip mai guda 50 kuɗinta ya kusa kamo na injin gaba ɗaya, kuma duk komawar da zan yi sai na tarar an ƙara. Kowane inji kuma da irin nasa, ba za ka sa na wani kamfani a na wani ba, akwai lokacin da na zaga kemis huɗu babu irin namu sai da na ba direba saƙo ya taho min da shi daga Kano. Don haka duk mai niyyar saye ya fara tambayar wane iri ne sitirip ɗinsa ya fi samuwa a kusa da shi, kar kyan inji ko arha su ruɗe shi, inji ba sitirip kwalliya ce kawai. A duba ranar lalacewa a jikin robar kuma kafin a biya.

Sai zafi. A jikin robar an rubuta kar a ajiye inda ya wuce digiri 30, to ku gaya min ina ne a Jigawa bai wuce 30 ba a watan Afrilu, mu da ke ganin 40 da ɗoriya, ɗakin kwano kuma ai tanda ne. Roba ɗaya na bari a kan taga, na zo ina awo yana ba ni lambobin da hankali ba zai ɗauka ba, wani lokacin ya nuna alamar kuskure kawai, haka na zubar da kusan guda 20 ina ji ina gani. Dabarar da muka yi yanzu, jakar tana ɗakin Inna na ƙasa mai rufin azara, cikin wata tsohuwar tukunya busasshiya kusa da randa, ba a cikin laima ba don laima ma ɓata shi take, kuma da ka zaro ɗaya ka mayar da murfin nan take. Takardar bayanin kuma Turanci da Faransanci da wasu yaruka, rubutu ƙanana kamar tururuwa, babu Hausa ko layi ɗaya, alhali ga masu ciwon nan birjik a ƙauyukanmu. Wannan gaskiya ya kamata masu shigo da shi su duba.

Abubuwa biyu da suka taɓa tsorata mu a banza. Lokacin mangwaro na auna Baba na ga 290, hankalina ya tashi, ashe ya yanka wa yara mangwaro bai wanke hannu ba, zaƙin da ke fatar ne ya haɗu da jinin, da ya wanke da sabulu muka sake sai ga 150. Na biyu, ɗan Kawu ya kira ni a gigice wai injin babarsa ya nuna 6.2 za ta mutu, tunda ya ji nace ƙasa da 70 hatsari ne. Ashe injinsu da wani ma'auni daban yake lissafi. Iri biyu ne, wani a jiki za ka ga mg/dL wani mmol/L, in naka mai ƙananan lambobi ne ka ninka sau 18, wato 6.2 ɗin nan wajen 112 kenan, lafiya lau. A irin nasu layin hatsarin 3.9 ne. Kuma in ka auna sau biyu a jere ka ga 120 da 128 kar kace inji ya lalace, dama ƙa'idar da aka gindaya wa irin waɗannan injina ta yarda da ɗan bambanci har kusan kashi 15 cikin 100, ba kamar awon ɗakin gwaji na asibiti ba ne.

Wani abin da injin ya koya min wanda ban zata ba, ashe abin gaba da baya ne. Na ɗauka suga ne kawai ke juya hali, ashe halin da zuciya ke ciki ma yana juya suga. Satin da aka yi mana rasuwar ƙanin Baba, abinci ma da ƙyar yake taɓawa, amma awon safe sai ya riƙa haurawa sama da yadda ya saba. Da na faɗa wa likita yace ba mamaki, damuwa da rashin barci suna sa ƙwaƙwalwa ta ba da umarni a sako wani sinadarin da ake kira kotisol, daga saman ƙodar nan dai, shi da adirenalin su sa hanta ta yi ta zubo suga cikin jini don jiki ya ɗauka gudu ko kokawa ce a gaba. Tun daga nan in an zo da labari marar daɗi muna lura da yadda za a faɗa masa da lokacin da za a faɗa.

Akwai kuma kuskuren da mu muka yi, ba na inji ba, kuma ina so masu saye su kiyaye. Da muka ga amfaninsa sai muka wuce gona da iri, Baba na ɗaga murya kaɗan sai wani ya ruga ya ɗauko jaka. Ran nan ƙanena ya bar awaki suka shiga gonar maƙwabci suka yi ɓarna, Baba yana masa faɗa, ni kuma na zo da inji nace Baba kawo yatsa. Ya miƙo bai ce komai ba. Lamba ta fito 118. Sai ya kalle ni yace, yanzu ni ba ni da ikon in yi faɗa a gidana sai an ce ciwo ne? Maganar nan ta shige ni har yau. Gaskiyarsa ce, ranar faɗa ne na uba kuma a kan daidai yake. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Yanzu mun san bambancin, faɗan suga yana zuwa da zufa mai sanyi da rawar hannu da magana marar kan gado, kuma yana da lokacinsa, in an jima ba a ci ba ko an sha aiki. Faɗan gaskiya kuwa da hujjarsa yake zuwa tiryan-tiryan, wannan sai dai ka sunkuyar da kai ka saurara.

Da azumi ya matso na san za a yi daru, don Baba tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba. Muka je wajen likita tun cikin Sha'aban ya canja masa tsarin maganin da lokutan sha, ya kuma kafa sharaɗi: in awo ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko alamun nan suka taso, a karya nan take ko da saura minti 20 a sha ruwa. Limamin garinmu ya zo har gida ya faɗa masa sukar yatsa don awo ba ta karya azumi, kuma marar lafiya Allah da kansa ya yi masa rangwame. Sau uku ya karya a watan, ranar farko da la'asar sakaliya injin ya nuna 63, ya daɗe yana kallon lambar sannan yace a miƙo dabino. Na tabbata da baki kawai muka ce masa ya karya ba zai yarda ba, amma lamba ba ta da son kai, ba ta jin kunyar kowa, ita ya yarda da ita. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya rage wa tsohonsa magani da kansa, aikin likita ne.

Abin da muke yi in ya faɗi, kamar yadda aka koya mana: in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, suga cokalin shayi 4 a ruwa, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake awo, in bai hau ba a ƙara, in ya hau a bi shi da abinci mai riƙe ciki kamar tuwo ko fura. In kuwa ya suma to kar a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa ya wuce huhu, a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti da gaggawa. Yanzu a aljihun rigar gonarsa kullum akwai suga mai ƙwaya ƙulle a leda, jikan nan nasa shi ya ɗora wa kansa aikin dubawa kowace safiya kafin ya tafi makarantar allo, in babu ya je ya karɓo wajen Inna.

Akwai abin da injin ba ya gani. Baba yana kukan tafin ƙafarsa na zafi da dare kamar ya taka garwashi, wani wajen kuma ya mutu ba ya ji sam, har ƙaya ta taɓa shigarsa ya yini da ita bai sani ba sai da Inna ta ga jini a takalmi. Wannan sugan da ya daɗe yana sama ne tsawon shekaru ya ci ƙananan jijiyoyin ƙafa, inji ba zai nuna maka ba, sai dai a riƙa duba ƙafar da ido kullum da dare da tocila, kuma mun hana shi shiga gona ba takalmi rufaffe. Likita ya kuma gargaɗe mu cewa tsofaffi da waɗanda sugansu ya saba faɗuwa wani lokacin jiki kan daina buga ƙararrawar, ba zufa ba karkarwa sai dai kawai a ga mutum ya ruɗe, shi ya sa ko ba alama muna awo kafin ya fita aiki mai nauyi.

Sai maganar maƙwabta. Da labari ya bazu gidanmu ya koma kamar ƙaramin asibiti, kowa a auna ni, kuma kunya ba za ta bari ka hana dattijo ba. Ta haka muka gano wata baiwar Allah maƙwabciyarmu da ke fama da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala, mijinta na cewa lalaci ne, injin ya nuna sama da 300, yanzu tana karɓar magani. Amma sitirip ya riƙa ƙarewa kamar ana sata, dole na ce duk mai so ya kawo kuɗin guda ɗaya. Kuma allura sabuwa ga kowa, ba a haɗawa ko da wa da ƙani ne, shi kansa biron ma ba a so a yi tarayya a kansa saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini, don haka na sayo irin alluran da ake amfani da su sau ɗaya a yar don baƙi, na Baba nasa ne shi kaɗai.

Wanda duk yake da mai suga a gida, musamman mai shan irin ƙwayar Baba ko mai allurar insulin, kuma asibiti na nesa da shi, ni dai shawarata ya saya ko da akuya zai sayar, amma ya shiga da lissafin kuɗin sitirip na kowane wata, ya tanadi waje mai sanyi, ya kuma sa ma'aikacin lafiya ya gwada masa a gabansa kafin ya taho da shi gida. Mu yanzu awo uku zuwa huɗu muke a sati in lafiya lau, sai in an ga alama ko ranar aiki mai yawa a ƙara, a haka roba ɗaya takan kai mu wajen wata biyu da rabi in maƙwabta sun ɗaga ƙafa. Saura guda 9 a robar da muke kai, jibi in Allah ya kai mu zan ba direban Kano saƙon wata.